Yadda Waswasi Ya Kusa Raba Ni Da Jaririna Da Sallata

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, malamar firamare, kuma yau uwar yara uku. Abin da zan ba da labarinsa ya same ni ne a haihuwar fari. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, ban da maigidana da iyayena da wasu 'yan tsiraru babu wanda ya sani. Abin da ya sa na fito da shi yanzu, na tabbata akwai wata a wani ɗaki tana cikin irin halin da na shiga, tana ganin duk duniya ita kaɗai ce mai muguwar zuciya, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Da cikina ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Na sauka lafiya, namiji. Aka yi suna, aka ci gaba da wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa, ga kauri, 'yan barka na ta shige da fice. Ban rasa komai ba. Bayan suna da 'yan kwanaki, wata la'asar Umma ta sauke tukunyar ruwan wanka a tsakar gida, tururi na tashi, ƙamshin darbejiya ya cika wurin, ni kuma ina tsaye da yaron a kafaɗa. Sai kawai na ga a raina na sake shi ya faɗa cikin tukunyar. Ba mafarki ba ne, ba kuma murya na ji ba. Cikin ƙiftawar ido ya zo ya wuce. Amma jikina ya ɗauki rawa, na miƙa wa ƙanwata yaron, na shige ɗaki ina ta innalillahi.

Washegari ya dawo, jibi ma haka. In na ɗauki reza zan yanke masa farce, sai ya zo. In na bi ta gefen rijiya, sai ya zo. Daga nan na fara gudun yaron. In ya sha nono sai in yi maza in ajiye shi, ko in miƙa wa na kusa. Abin da ya rufa mini asiri shi ne alkunyar ɗan fari. Tsofaffi suka riƙa yaba mini, wai 'yar nan akwai kunya, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, ba kamar yaran yanzu ba. Suna yabo, ni kuma cikina na ƙuna, don na san ba kunya ba ce. Tsoron kaina nake ji.

Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci: wace ce ni? Na taso a gidan karatu, ban taɓa dukan ko kyanwa ba, ɗalibaina sun san ban iya riƙe bulala ba. To daga ina wannan abu ya fito in ba daga cikina ba? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa wannan ita ce ainihin ni, waccan da mutane suka sani lulluɓi ce kawai, yanzu kuma lulluɓin ya yaye.

Da na yi arba'in na koma ɗakina, na yi wankan tsarki na fara salla, sai abin ya sake salo. Ina ta da kabbara sai wata magana ta ɗarsu a raina game da Ubangiji, irin wadda har yau hannuna ba zai iya rubutawa ba. Sai in sallame, in maimaita kalmar shahada, in sake alwala, in sake kabbara, ta sake zuwa. Alwalar ma ta zama aiki. Na wanke fuska, anya ruwa ya kai gefen kunne? Na sake. Na wanke ƙafa, anya ban yi tusa ba? Na koma farko. Azahar takan kai ni la'asar ina bakin rariya. Tsakanin yatsuna ya tsage saboda ruwa, mai garuwa ya fara tambayar maigidana ko mun yi baƙi ne. Da dare sai in tashe shi in ce, "Don Allah, in mutum ya yi tunani kaza, ya yi ridda? Aurenmu yana nan?" Ya ce yana nan. Hankalina ya ɗan kwanta, kafin asuba tambayar ta dawo sabuwa fil.

Na rame, na yi baƙi. Dangi suka kasu. Wasu suka ce iska ce ta shafe ni a wurin wanka, wasu suka ce sammu ne. Aka yi hayaƙi, aka shafe ni da man habbatus sauda, na sha rubutu, aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu a kaina. Ban faɗi ba, ban yi ihu ba, babu wanda ya yi magana da bakina. Shi ma malamin, Allah ya saka masa da alheri, ya faɗi gaskiya, ya ce bai ga alamar aljani ba. Ba na raina addu'a, ko a lokacin karatun Alƙur'ani yana sanyaya mini rai. Sai dai duk cikin masu neman mini magani babu wanda ya tambaye ni abin da nake gani, ni kuma ko an tambaya da wuya in faɗa. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce tana ganin ta jefa ɗanta a ruwan zafi?

Gwaggo ce ta karɓe ni. Yayar mahaifina ce, tana zaune a Unguwar Juma, mijinta ya daɗe da rasuwa. A wurin kakanmu ta yi karatu, kuma shekara da shekaru matan aure ke zuwa ɗakinta da hantsi suna ɗaukar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Ta zo duba ni, ta zauna a kan tabarma tana kallona ina alwala, ba ta ce uffan ba har na gama. Da za ta tafi ta ce wa maigidana, "Ka ba ni aron ta ita da yaron. Wannan ciwon na san shi."

A daren farko bayan isha ta ce, "Ɗiyata, me yake zuwa miki?" Na ce, "Gwaggo, ba zai faɗu ba." Ta ce, "Da ki furta shi da ki ƙone ki zama gawayi, wanne kika zaɓa?" Na ce wallahi gara in ƙone. Sai ta yi hamdala, ta ce ai wani sahabi ya riga ni faɗar haka a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma ya gode wa Allah da ya mayar da makircin Shaiɗan ya tsaya a waswasi kawai. Ta kawo mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda wasu sahabbai suka ce suna samun abu a ransu da ɗayansu ke jin girman furta shi. Annabi ya ce, "Kun same shi kuwa?" Suka ce e. Ya ce, "Wannan shi ne tsantsar imani." Gwaggo ta ce malamai sun yi bayani, ba waswasin ne imani ba, ƙyamarsa da jin nauyinsa shi ne imanin. Ta ce, "Wadda ta bar addini ba ta kwana tana kuka don tsoron ta bar shi."

Daren nan na faɗa mata komai, har maganar tukunya. Ina jiran in ga ta ja da baya, ko ta ɗauke yaron daga kusa da ni. Sai ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya, ta ce in ba shi ya sha, ta juya ta yi kwanciyarta.

Karatun da ta yi mini bayan nan ba a zama ɗaya ba ne. Tana tsinke zogale tana yi, muna ninke kaya tana yi. Ta ce mutum ba dunƙule ɗaya ba ne da za a ce duk abin da ya motsa a cikinsa shi ne shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, wato 1111, a cikin Ihya'u ya ware babi guda a kan abubuwan mamaki na zuciya, kuma ya buɗe shi ne da rarrabe abubuwa huɗu: ruhi, da hankali, da nafsu, da zuciya. A kan ruhi ba ta tsawaita ba. Ta karanta ayar Suratul Isra'i da ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, ta ce inda Alƙur'ani ya taƙaita ita ma za ta taƙaita. Hankali shi ne mai aunawa, mai bambance wannan da wancan. Nafsu ita ce mattarar sha'awa da fushi, mai cewa a ba ni, a bar ni, a rama mini. Ita kuwa zuciya, ba tsokar da likita ke sauraro da abin kunne kaɗai ba, ita ce mai sanin Allah, mai niyya, ita ake yi wa magana, ita za a tambaya.

Na ce, "To Gwaggo, wannan abin da ke zuwa mini, a cikin huɗun nan na wace ce?" Ta ce ba lalle ya zama na kowacce ba. Ta nuna mini zauren gidan da hannu. Ta ce, "Tun safe mutum nawa suka wuce ta ƙofar nan? Mai tallan manja ya wuce, almajiri ya wuce, mahaukaci ya wuce yana zage-zage. Akwai wanda zai ce zagin mahaukacin nan maganar mai gidan nan ce? Ɗan gida shi ne wanda kika yi wa shimfiɗa kika kawo masa ruwa. Ke kuwa duk wanda ya gifta sai ki fito da gudu ki kama rigarsa kina tambayarsa wa ya aiko shi. Shi ya sa suka gane gidan."

Sannan ta bi da ni matakan da Gazali ya jera kafin aiki ya fito daga mutum. Na farko abin ya ɗarsu, shi ne zancen zuci. Na biyu ɗabi'a ta karkata gare shi. Na uku zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi. Na huɗu a ɗaura niyya a yi azama. Biyun farko, in ji shi, ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Ta ce in auna nawa. Na duba da gaske, a karon farko ba da firgici ba. Abin yana ɗarsuwa, wannan gaskiya ne. Amma karkata fa? Ko kusa. Duk jikina gudunsa yake yi. Ashe ko mataki na biyu bai taɓa takawa ba, ni kuwa na riga na yanke wa kaina hukuncin wadda ta aikata.

Ta tuna mini da Amanar-Rasulu da muke karantawa kullum kafin barci. Lokacin da ayar da ta gabace ta ta sauka, mai cewa ko kun bayyana abin da ke ranku ko kun ɓoye Allah zai yi muku hisabi da shi, abin ya yi wa sahabbai nauyi har suka zo suka durƙusa gaban Annabi suka ce an ɗora musu abin da ba za su iya ba. Aka umarce su su ce mun ji mun bi, suka faɗa, sannan Allah ya saukar da cewa ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ga kuma hadisin Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da rayukansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba, ba su furta ba. Na haddace ayoyin nan tun ina 'yar Islamiyya, amma sai a ɗakin Gwaggo na san da ni ake.

Na taɓa ce mata ni dai na san tawa nafsun ammara ce, mai yawan umarni da mummuna, wadda aka ambata a Suratu Yusuf. Ta girgiza kai. Ta ce ammara daɗin abin take ji, tana ƙawata shi, tana nemo masa hujja. Tawa lawwama ce, mai zargin kanta, wadda Allah ya yi rantsuwa da ita a farkon Suratul Ƙiyama. Sai dai tawa ta wuce gona da iri, ta bar zargina a kan abin da na yi, ta koma tuhumata a kan abin da ban yi ba, ban kuma so ba. Game da muɗma'inna, natsattsiyar rai ta ƙarshen Suratul Fajri, fahimtar Gwaggo ita ce ba wadda komai ya daina zuwa mata ba ce, wadda abin ke zuwa ya same ta a zaune ya tafi ya bar ta a zaune ce. Wannan magana ta rage mini wani buri da ke wahalar da ni, na in wayi gari kaina fes babu ko ɗigon mummunan tunani. Babu mai rai da aka yi wa alkawarin haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da wata safiya cikin hunturu. An kawo kaskon garwashi ɗaki, yaron yana kwance a kan katifa a ƙasa, lokacin ya fara juyi. Ina can bakin ƙofa ina tankaɗe. Ban san lokacin da na yar da rariyar ba, ban san lokacin da na tsallake kwanon gari ba. Na dai ga kaina a durƙushe, na tare kaskon da bayan hannuna na hagu, na dama kuma ya cafe yaron da ya mirgino. Fatar hannun ta tashi, gari ya watse ko'ina. Gwaggo ta ɗebo ruwan randa ta yi ta zuba mini, sai da zafin ya lafa sannan ta ce, "Kin yi shawara kafin ki tashi?" Na ce a'a. Ta ce, "To kin ga halinki." Ta ce haka Gazali ya bayyana hali: yanayi ne da ya kafu a rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi a sauƙaƙe ba tare da dogon tunani ba. Wanda sai ya yi ta kokawa da kansa kafin ya ba da naira goma, ba a kiransa mai kyauta tukuna. Mai kyauta hannunsa ke riga shi. Ta ce, "Wata da watanni kina sauraron abin da ke wucewa ta kanki kina cewa ke ce. Yau ga abin da ya fito daga cikinki da babu lokacin yin ƙarya." Tabon yana nan a hannuna.

Ta kuma nuna mini inda ɗabi'ata ta shigo cikin lamarin. Tun ina yarinya ni mai kaffa-kaffa ce. In tawada ta ɗiga a littafina sai na sake kwafe shafin, in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. A gida ana cewa hali zanen dutse, haka Allah ya yi ta. Gwaggo ba ta yarda da karin maganar nan gaba ɗaya ba. Ta ce da hali ba ya sauyawa da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, kuma wannan ma hujjar Gazali ce. Amma ba ta ce in zama wata ba. Ta ce ba a tumɓuke ɗabi'a, daidaita ta ake yi. Kaffa-kaffan nan shi ya sa ba na zaluntar ɗalibi a maki, shi ya sa ake ba ni ajiya. Shi ne kuma ƙofar da waswasi ya samu, don ba ya zuwa wa mutum sai ta wajen abin da ya fi ƙauna. Ni ɗana ne da addinina.

A aikace kuwa, Ahalari ta buɗe mini, littafin da na sauke tun ban kai aure ba. A babin rafkanuwa, mai lafiya in ya yi kokwanto raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya kawo ɗaya. Amma mai waswasi hukuncinsa daban: ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da ya yi kokwanto a kai, ya yi sujada ba'adi kawai. Malaman Malikiyya sun ce wanda kokwanto ke zuwa masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, ya shiga wannan hukunci, kuma kokwanton karyewar alwala ma ba ya karya tasa. Gwaggo ta ce, "Ke yanzu sake alwala ba tsantseni ba ne, saɓa wa hukuncinki ne." Ta auna mini ruwa a ƙaramar buta, ta ce in ya ƙare alwala ta ƙare. Ta tsaya a bayana in na ta da salla, ta ce ko me ya zo kada in sallame. Kwanakin farko ina salla gumi na keto mini, ina ji kamar ina tsaye gaban Allah ba tsarki. Ban sake ba. Abin mamaki, tashin hankalin kan hau ya hau, in ban biye masa ba sai ya sauko da kansa.

Duk da haka barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili. Gwaggo da kanta ta ce a kai ni asibiti. Wasu a dangi suka ce ai kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa tonon asiri ne, za a ce ta haukace. Ta ce rai a cikin jiki yake zaune, in ɗaya ya jigata sai ya ja ɗayan, kuma ita ta yi nata, saura na likita. Muka je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Likitar ta yi mini tambayoyi dalla-dalla. Ina jin murya daga waje? A'a. Na yarda wani ne ke ba ni umarni? A'a. In tunanin ya zo daɗi nake ji ko tsoro? Na taɓa jin gara in mutu? Na amsa mata da gaskiya. Ta ce, "Malama, wannan ba hauka ba ne." Ta ce lalura ce sananniya da suke taƙaita sunanta da OCD, wato ciwon da tunani ke ta faɗo wa mutum ba da sonsa ba har ya tilasta masa maimaita abu, tana kama kamar mutum 2 a cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma ciki da jego na daga lokutan da take tasowa ko ta tsananta. Tawa ta haɗu da ciwon damuwa na bayan haihuwa.

Ta rubuta mini maganin da ba ya hana shayarwa, ta gargaɗe ni cewa sai ya yi makonni kafin in ga aikinsa, kada in yanke shi da kaina. Sannan ta ba ni aikin gida wanda ya sa na kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalle ni. Ni zan riƙa yi wa yaron wanka da hannuna. In yanke masa farce. In yi yanke-yanken miya yana goye a bayana. In tunanin ya zo kada in kore shi, kada in yi gardama da shi, in ci gaba da abin da nake yi. Ta kuma ce wa maigidana ya daina amsa mini tambayar ridda da aure, domin kowace amsa tana kwantar da hankali na ɗan lokaci ne, sannan ta ƙara wa ciwon ƙarfi. Wannan ya yi masa wuya, mutum ne mai tausayi. Ya koma in na tambaya sai ya ce, "Gwaggo ta riga ta amsa miki," ya kama hannuna ya yi shiru.

Da na samu sauƙi na shiga karance-karance a kan abin, don malami ba ya son ya bar tambaya a buɗe. Na ga cewa a 1978 wasu masana a Ingila, Stanley Rachman da Padmal de Silva, sun tambayi mutane masu lafiya ƙalau, kusan kashi 80 cikin 100 suka ce su ma irin waɗannan munanan tunane-tunane na faɗo musu. Bambancin kawai, su ba sa ɗaukar abin a matsayin shaida a kan ko su wane ne, sai ya wuce. A 1987 kuma Daniel Wegner a Amurka ya ce wa ɗalibai kada su tuna da wata farar dabba, duk wanda ta faɗo masa ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Abin da ya fi burge ni shi ne Abu Zaidin Balkhi, malamin da ya rasu a 934 miladiyya, wanda ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya ware babi a kan waswasin ƙirji da zancen zuci. Ya ce abin na iya samun tushe a jiki, ya kuma yi wa mai shi nasiha da ya guji kaɗaici da zaman banza. Marigayi Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci a 2013. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce shi ya sa ba ta taɓa barina ni kaɗai a ɗaki ba, kullum da abin da za ta sa ni tsincewa ko dakawa.

Ina jin zafin yadda muke raba abin nan gida biyu. Wasu sun ce duk aljanu ne, zuwa asibiti raunin imani ne. Wasu 'yan boko kuma sun ce duk sinadaran ƙwaƙwalwa ne, maganar zuciya da nafsu tatsuniya ce. Ni da na kwana a ciki na san ƙwaya ta dawo mini da barci da cin abinci, ta rage ƙarfin abin, amma ba ita ta amsa mini tambayar wace ce ni ba. Na kuma san da karatun Gwaggo kaɗai aka tsaya, da jikin da ya yi wata da watanni ba barci bai iya ɗaukar karatun ba. Na sha maganin tsawon lokacin da likita ta ɗiba, ita ta rage shi a hankali har aka daina. A haihuwa ta biyu abin ya leƙo, na gane shi tun daga nesa, na koma asibiti da wuri, bai kai ko'ina ba. Har yau wani lokaci yakan gifta ina tsakiyar salla. Ina neman tsari in ci gaba da karatuna.

Akwai abu ɗaya da likitar ta ja kunnena a kai, kuma wajibi ne in faɗe shi don kada wata ta karanta labarina ta yi kuskuren auna kowa da ni. Akwai wata lalurar daban da ke kama mai jego 1 ko 2 a cikin 1,000, galibi a makonni biyun farko. Ita wannan ba ta jin tsoron tunanin, gaskata shi take yi. Takan ji muryoyi, ta daina barci sam ba tare da ta ji gajiya ba, ta rikice, ta ce jaririn ba nata ba ne ko an umarce ta da wani abu a kansa. Wannan ba a zama yi mata karatun matakan zuciya, ba a kuma barinta ita kaɗai da jariri. Asibiti ake kai ta a ranar.

Sanin wannan ya yi amfani a unguwarmu. Wata amarya a maƙwabtanmu ta haihu, kafin suna ta daina runtsawa, tana ta magana ba kai ba gindi, tana cewa an musanya mata ɗa. Na shiga barka na same su an turnuƙe ɗakin da hayaƙi. Na zauna kusa da ita na tambaye ta ko abin da take faɗa yana ba ta tsoro. Ta dube ni ido cikin ido ta ce tsoron me, ai gaskiya ce, an gaya mata. Na fito na samu uwar mijin a tsakar gida na ce, "Inna, ku ci gaba da addu'a, amma don girman Allah a ɗauke jaririn daga ɗakin yanzu, a kai ta asibiti yau, kada a jira suna." Ta yi jim, ta ce me mutane za su ce. Na nuna mata tabon hannuna, na ba ta labarina a tsaye, wanda ban taɓa ba wani a unguwar ba. Kafin la'asar maigidana ya fito da mota, ni da uwar mijin muka sa ta a tsakiya muka kama hanyar Kaduna. An kwantar da ita, aka yi suna ba ta nan, kakar ta riƙe yaron da madara. Da aka sallamo ta ita ta karɓi abinta da hannunta, kuma bana ta sa shi a makarantarmu.